Tambaya da Amsa: Shin Aragorn da Hobbit cikakkun mutane ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni da abokina mun kwana biyu muna gardama a kan littafin The Lord of the Rings. Shi ya ce Aragorn, ɗaya daga cikin jaruman labarin, ba cikakken ɗan Adam ba ne tunda ya yi shekara 210 a duniya, ni kuwa na ce in akwai waɗanda ba mutane ba a littafin, to jinsin Hobbit ne, gajerun nan masu gashi a ƙafa. Wa ke da gaskiya a cikinmu? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka yi haƙuri, domin hujjarka ce ta fi rauni. J.R.R. Tolkien, malamin Jami'ar Oxford ta Ingila wanda ya fitar da littafin a shekarun 1954 da 1955, ya faɗa tun a gabatarwa cewa Hobbit sun fi kusa da mu a kan sauran jinsunan labarin, kuma a wasiƙar da ya rubuta wa Milton Waldman, editan wani kamfanin buga littattafai, a 1951 ya bayyana cewa reshe ne na 'yan Adam. Tsayinsu ƙafa biyu zuwa huɗu ne, ba a ɗaukarsu manya sai sun kai shekara 33, amma gajarta ba ta fitar da kowa daga mutuntaka.

Maganar abokinka ita ce ta cancanci a tsaya a kanta, saboda tana da tushe. Aragorn ya fito ne daga zuriyar Elros, wanda shi da ɗan tagwayensa Elrond ruwa biyu ne, jinin mutane da na jinsin Elf, wasu halittun labarin masu kama da mutane amma ba sa mutuwa da tsufa. An ba su zaɓi: Elrond ya bi Elf, Elros ya bi mutane, ya zama sarkin tsibirin Númenor na farko, ya rayu shekara 500 sannan ya mutu. Daga nan tsawon ran Aragorn ya samo asali.

Sai dai a tsarin da marubucin ya shimfiɗa, ba jini ko kamanni ne ke raba jinsunan biyu ba, mutuwa ce. Elf ba sa mutuwa da tsufa ko cuta, kuma ko an kashe su a yaƙi ruhinsu yana nan ɗaure da duniya muddin tana nan, alhali mutane suna mutuwa su bar ta baki ɗaya, abin da labarin ya kira baiwar da aka yi musu. (Ban yarda da masu kiran Elf aljanu ba, domin suna da jiki, ana ganinsu, takobi yana kama su.) Da wannan ma'auni Aragorn mutum ne cikakke. Matarsa Arwen, 'yar Elrond, ita ma da ta zaɓi aurensa ta zaɓi mutuwa ke nan, kuma shekara ɗaya bayan rasuwarsa ta bi shi.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne babu ɗayanku da ya ambaci Gandalf, tsohon nan mai gemu da sanda wanda kowa zai rantse dattijon gari ne. Shi ne wanda ba mutum ba ko kaɗan, ruhi ne daga jinsin Maiar da aka aiko cikin siffar tsoho.