Direban tirela a Amurka: dole ne in sanar da kamfani laifin hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina tuƙa tirela a Amurka da lasisin CDL (lasisin tuƙin manyan motoci) na jihar Ohio. An rubuta mini tara a wata jiha saboda gudu, amma a ƙaramar motata nake, ba motar aiki ba. Na biya ta intanet. Sai na gaya wa kamfaninmu?
Mai karatu daga Columbus

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Ƙwarai kuwa, sai ka gaya musu. A dokar hukumar FMCSA mai kula da manyan motoci, biyan tara daidai yake da kotu ta same ka da laifi, kuma daga ranar kwana 30 gare ka ka sanar da kamfani a rubuce, ko wace mota kake tuƙi. Laifin ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba ne kaɗai aka ɗauke. Ka rubuta cikakken sunanka, lambar lasisi, ranar hukunci, irin laifin, inda ya faru, da ko motar aiki ce, sannan ka sa hannu. Ka riƙe kwafi.

In abin ya kai ga dakatar da lasisi, wa'adin ya fi ƙunci: kafin a tashi aiki a ranar aiki ta gaba bayan sanarwar ta iso ka.

Kada wani ya ruɗe ka da cewa laifin wata jiha ba ya biyo mutum gida. Jihar da ta hukunta ka za ta aika wa Ohio cikin kwana 10, kuma an hana jihohi ɓoye laifin mai CDL. Kamfani ma yana duba tarihin tuƙinka kowace shekara. Gara su ji daga bakinka.

Abin da muka fi ji maka shi ne yawan gudun. Duba takardar da kyau. In ka ɗara ƙa'ida da mil 15 a awa ko fiye, wajen kilomita 24, ya shiga sahun laifuffuka masu tsanani, tare da tuƙin ganganci, manne wa motar gaba da riƙe waya a hannu. Biyu cikin shekara 3 a motar aiki suna jawo dakatarwar kwana 60, uku kuma kwana 120. Na ƙaramar mota yana shiga lissafin ne idan ya jawo an dakatar da lasisinka. Nan gaba, ka nemi lauyan da ya san harkar CDL kafin ka biya kowace tara.