Amsa ga Yaya Game da Katunan Besbol da Yaranmu Suke Tarawa

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya a gida. Na ga saƙonka a kan hoton da aka tura muku, inda ɗanka yake riƙe da guntun kwali a cikin roba kamar wanda aka ba lambar yabo, har ka tambaya ko caca ce ta shigo mana gida, ko kuwa kuɗi ne suka yi mana yawa. Ban ga laifinka ba, domin ni ma irin tambayar da na yi ke nan ranar da na fara ganin abin.

Mu manya da muke zaune a unguwar Bronx ta birnin Niyok, daga mutanen Kumasi da Nima har na Damagaram da Kano, da ƙwallon ƙafa muka zo, kuma har gobe ita ce gardamarmu idan an fito daga masallaci. Yaran da aka haifa a nan kuwa sun tashi ne tare da 'ya'yan maƙwabtanmu mutanen Jamhuriyar Dominika, waɗanda ba su haɗa besbol da komai ba, ga kuma filin ƙungiyar Yankees a titi na 161, wanda jirgin ƙasa mai lamba 4 yake wucewa ta gefensa. Yaron da yake ganin wannan fili ta tagar jirgi kullum ba sai an koya masa son wasan ba, kuma wanda ya so wasan a ƙasar nan, da wuya bai kai ga katunan ba.

Katin kansa bai fi tafin hannu ba. A gaba hoton ɗan wasa ne, a baya kuma lissafin abin da ya yi shekara bayan shekara da sunayen ƙungiyoyin da ya yi wa wasa. Asalinsa talla ce. Tsakanin 1909 da 1911 kamfanin American Tobacco yana saka irin waɗannan katuna a cikin kwalin sigari, daga baya kuma masu cingam suka karɓe sana'ar, musamman kamfanin Topps na Brooklyn, wanda jerin katunansa 407 na shekarar 1952 shi ne abin da masu tarawa suka fi girmamawa. A wancan zamani ba wanda ya ɗauke su dukiya. Yara suna maƙala su a sifokin keke don su riƙa ƙara, suna ɗaure su da roba har gefensu ya lotsa, iyaye mata kuma suna zubar da su idan yaro ya girma ya bar gida. Wannan sakaci shi ne ya sa tsofaffin suka yi tsada, domin kaɗan ne suka tsira ba tare da tabo ba. A watan Agusta na 2022 an sayar da katin Mickey Mantle na 1952 a gwanjo a kan dala miliyan 12.6, kuma a cikin watan ne aka sayar da na Honus Wagner, na zamanin sigari, a kan dala miliyan 7.25.

Kada waɗannan kuɗaɗe su ruɗe ka, Yaya, babu ɗan unguwarmu da yake cikin wannan sahu. Da mutane suka farga cewa katuna suna kuɗi, sai kamfanoni suka buga su tuli daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, kowa ya saya ya adana, kuma abin da kowa ya adana ba ya daraja. Na waɗancan shekaru yanzu akwati guda ake zuba wa mutum a kan kuɗin abincin rana. Ko a cikin tsofaffin, farashi ya danganta da lafiyar katin. Akwai kamfanoni, irin su PSA, da ake aika musu kati su duba kusurwoyinsa huɗu da gefensa da fuskarsa da ko hoton ya zauna daidai a tsakiya, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi a roba mai tauri. Na taɓa tsayawa a wani shago ina kallon dattijo yana karkata kati a ƙarƙashin fitila, ya nuna mini wata 'yar karaya da ban iya gani ba sai da ya ba ni tabarau, ya ce ita kaɗai ta raba kuɗin biyu.

Game da caca, ra'ayina ya kasu. Wanda ya sayi tsohon kati yana ganin abin da yake saya, an yi ciniki, an sallama. Sabbin fakiti da ake sayarwa a rufe, yaro ya biya da fatan ya dace da kati mai tsada, su ne ban yarda da su ba, kuma da yawa daga cikin iyayen unguwarmu sun hana su. A gidana dokar ita ce sai abin da ido ya gani.

Katin da ka gani a hoton ma ba tsoho ba ne, kuma kuɗinsa bai kai na kofin shayi ba. Na Octavio Dotel ne, mutumin Santo Domingo, wanda aikinsa sai na yi maka bayani. A besbol akwai mai jefa ƙwallo da mai bugunta da sanda, ana yin zagaye tara. Majefin da ya fara wasa shi ne mai suna da babban albashi, amma hannu yana gajiya, don haka ake ajiye waɗansu majefa a wani keɓaɓɓen wuri a bayan fili, suna jiran a buga musu waya. Irin wannan ɗan karɓa ba ya sanin ranar da za a kira shi, kuma sau da yawa sai lamari ya riga ya ɓaci ake kiransa. Idan ya gyara, ba a cika tuna sunansa ba. Idan ya ɓata, shi jarida za ta ɗora wa laifi. Kuma da yake sauƙin musanya gare shi, shi ake fara sayarwa a ƙarshen Yuli idan ƙungiya ta fid da rai da kofi.

Dotel ya fara da ƙungiyar Mets ta Niyok a 1999, aka miƙa shi Houston, inda ya fi daɗewa kuma ya fi tashe. A ranar 11 ga Yuni 2003, a tsohon filin Yankees na nan unguwarmu, yana cikin majefa shida na Houston da suka haɗu suka hana Yankees samun ko bugu ɗaya mai kyau, kuma a zagayensa masu bugu huɗu ya fitar, alhali uku ake buƙata a gama zagaye, domin ƙwallo ta kuɓuce wa mai cafewa a kan ɗaya daga cikinsu. Daga nan sai Oakland, sai aikin tiyata a gwiwar hannu a 2005, sai Yankees a 2006, sai yawo ya miƙe: Kansas City da Atlanta a shekara guda, Chicago, sannan a 2010 kaɗai ya sa rigar Pittsburgh da Los Angeles da Colorado. A 2011 ya fara a Toronto, a tsakiyar shekara aka tura shi St. Louis, ya je ya ci kofin World Series, babban kofin besbol na Amurka, da su. Da ya isa Detroit a 2012 ta zama ƙungiyarsa ta 13, abin da ba wanda ya taɓa yi kafinsa, sai a 2019 Edwin Jackson ya kai 14.

Abin da ya ja hankalina shi ne bayan katinsa na ƙarshe-ƙarshe, inda sunayen birane suka jeru da ƙananan haruffa har suka kusa cinye wurin. Na nuna wa wani dattijonmu direban tasi, wanda ya yi Legas da Abidjan da Tarabulus kafin ya iso nan, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce ai wannan ɗan ci-rani ne irinmu, bambancin kawai shi an rubuta masa nasa. Tun daga ranar na daina yi wa yaron faɗa a kan wannan kati.

Dotel ya rasu ranar 8 ga Afrilu 2025, lokacin da rufin wani gidan rawa ya rufta a Santo Domingo ya kashe fiye da mutum 200. Maƙwabtanmu sun yi makoki sosai, mu ma muka shiga muka yi musu ta'aziyya. Bayan haka ne ɗanka ya ware shafi biyu a kundinsa mai aljihunan roba, aljihu ɗaya ga kowace ƙungiya da mutumin ya yi wa wasa. Ya cike tara. Na Colorado, inda bai cika wata guda ba, har yanzu aljihun fanko yake. Yana da na Houston guda biyu, kuma ya ce idan an sami mai tahowa gida bayan sallah zai ba da ɗaya a kawo maka, ka juya bayansa ka gani da idonka.