Amsa ga mai tambaya kan ƙwallon matasa a Wasannin Afirka

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ƙanenka yana atisaye a wata makarantar ƙwallo a nan Jos, ka kuma ji ana cewa ƙwallon maza ta Wasannin Afirka ba gasa ba ce da yaro zai sa wa rai, gara ya jira Kofin Duniya na matasa. Ka tambaya ko haka ne. Na daɗe ina horar da yaran unguwa tsakanin Gangare da Anguwan Rogo, kuma ban yarda da wannan magana ba. A ganina babu gasar ƙasa da ƙasa da ta fi wannan kusa da yaron gida.

Ita wannan gasa ba ta cikin ranakun da FIFA ke tilasta wa ƙungiyoyi su saki 'yan wasa. Ƙungiyar Turai tana da ikon ta ce ba za ta ba da yaronta ba, kuma yawanci haka suke yi. To koci da wa zai tafi? Dole ya waiwayo gida, ya duba NPFL, wato babbar gasar ƙungiyoyin Najeriya, ya duba ƙananan rukunai da makarantun ƙwallo. Yaron da a wani lokaci za a ture saboda wani ya zo daga Beljiyam ko Norway, a nan shi ne a sahun gaba. Masu raina gasar saboda babu manyan sunaye a ciki sun manta cewa rashin manyan nan ne yake ba ƙannenmu wuri.

Da can manya ke bugawa. Zinaren da Najeriya ta ci a Legas a 1973, da ta doke Gini 2-0, Green Eagles, babbar tawagar ƙasa ta wancan lokacin, ne suka ci shi, kuma har yau maza ba su ƙara ɗaukowa ba. Daga 1991 aka mayar da ita ta 'yan ƙasa da shekara 23, sannan daga 2019 aka sauko da ita ƙasa da 20, shi ya sa Flying Eagles, tawagarmu ta 'yan ƙasa da 20, ke zuwa yanzu.

Ina cikin filin wasa na Abuja a watan Oktoban 2003 ranar wasan ƙarshe da Kamaru. Don wannan biki aka gina filin, wanda yanzu ake kira da sunan Moshood Abiola, haka ma rukunin gidajen Games Village. Mun taso daga Jos da sassafe ta Akwanga da Keffi, mota cike da yara, kowa ya tabbata zinare namu ne. Kamaru suka ci mu 2-0. Najeriya ce ta zo ta ɗaya a yawan lambobin zinare a wannan shekara, matanmu ma sun ci nasu zinaren na ƙwallo, amma wallahi a hanyar dawowa ba wanda ya buɗe baki. A teburin lambobi ƙwallon maza zinare ɗaya ce tak, mai ninƙaya ko mai ɗaga nauyi shi kaɗai yana iya kawo fiye da haka. A zuciyar mutane kuwa ita ce gaba. Yaron da ya yi kyau a wannan wasa, ƙasa duka ta gan shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wasan nan shi ne 'yan Kamaru sun san juna. Ba su fi namu iya taɓa ƙwallo ba, amma kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya. Ba banza suka ci zinare a 1991 da 1999 da 2003 da 2007 ba. Mu kuma mun saba a tara yara ana saura 'yan makonni, a ce su je su yi abin al'ajabi. A Rabat a 2019 mun kai wasan ƙarshe, Burkina Faso ta ci mu 2-0. A Accra, a wasannin da aka yi a Maris 2024, ko rukuni ba mu tsallake ba, Ghana ta doke Uganda ta ɗauki zinare. Wannan yana yi mini ciwo, domin ba yara muka rasa ba. Garin da ya fitar da Mikel Obi da Ahmed Musa da Moses Simon ba zai ce ya rasa masu ƙafa ba.

Ka dubi 2015 kuma. Koci Samson Siasia ya kai yaranmu 'yan ƙasa da 23 Wasannin Afirka na Brazzaville suka samu tagulla, mutane suka yi ta gunaguni. A ƙarshen wannan shekarar suka ci Kofin Afirka na 'yan ƙasa da 23 a Senegal, a 2016 suka dawo da tagulla daga Olamfik na Rio. A Brazzaville aka fara dafa wannan tuwon.

Yanzu ga abin da ya shafi ƙanenka kai tsaye. Ka fara da takardu tun yau. Takardar haihuwa, lambar NIN da fasfo, duk su ɗauki rana ɗaya da rubutun suna iri ɗaya. Na taɓa rasa wani ɗan bayana mai kyau ƙwarai a wajen tantancewa, ba don ya tsufa ba, sai don ranar da ke takardar makarantarsa ta saɓa da ta fasfo. Yaron ya yi kuka, ni ma ban iya cin abinci ba a ranar. Kada wani ya ba ku shawarar rage shekaru. Ƙarya ce, kuma tana bin mutum har ƙarshen wasansa.

Kada ku ba kowa kuɗi da sunan zai sa shi a sansanin tawagar ƙasa a Abuja. Gayyata ta gaskiya ta hannun ƙungiyar yaro take zuwa. Abin da zai yi shi ne ya samu ƙungiya mai rajista wadda take buga gasa, ko da ta ƙaramin rukuni ce, ya riƙa buga cikakken wasa kowane mako. Wasan sada zumunta na unguwa yana da daɗi, amma ba a rubuta shi a ko'ina.

Sannan ya gina jiki. A irin wannan gasa ana buga wasa yau, a huta kwana biyu ko uku, a sake komawa. Yaranmu na Jos sun saba da sanyi da iskar tudu, numfashinsu yana da kyau, amma da sun sauka inda ake zafi da gumi sai ka ga sun narke kafin a tafi hutun rabin lokaci. Idan ƙungiyarsa za ta je wasa Lafiya ko Makurdi, kada ya ce ba zai je ba, can zai koyi shan ruwa da tattalin ƙarfinsa. Ya kuma saba da zaman sansani: kwana da mutanen da bai sani ba, cin abin da aka ba shi, ajiye waya a kwanta da wuri. Na ga masu baiwa da wannan kaɗai ya kayar.

Masar ce za ta karɓi Wasannin Afirka na 2027. Ka lissafa shekarun ƙanenka ka gani ko zai shiga sahu. Idan kana Jos, ka faɗa mini ranar da suke da wasa, in sha Allahu zan zo in kalle shi, sai mu yi magana a kan lambar da ta fi dacewa da shi.