Na San Wanda Ya Yi Kisan, Anya Da Sauran Daɗi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina yaro a Garwa, kawuna yana da wata tsohuwar kwamfuta a shagonsa, a kanta muke buga wani wasan Faransanci mai suna Croisière pour un cadavre, na ɗan sandan da ke binciken kisan kai a jirgin ruwa. Kwanan nan na tsinci disket ɗinsa, wato ƙananan faifan kwamfuta irin na da, a akwatin kawu. Za su yi aiki a kwamfutar yanzu? Kuma tunda ban manta wanda ya yi kisan ba, anya ba ɓata lokaci zan yi ba?
Wani mai karatu, daga Garwa

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi, don ni ma wasan nan ya sha hana ni barci.

Bari mu fara da disket ɗin, kuma kada ka sa rai da yawa. Kamfanin Delphine Software na Faransa ya fitar da wasan tun 1991, sannan disket ba ya shiri da zafi da ƙura. Wanda ya yi shekara da shekaru a akwati yana shan ranar Garwa ta watan Afrilu, in ya karantu sai hamdala. Nemi na'urar karanta disket mai igiyar USB wajen masu gyaran kwamfuta, ka kwashe fayilolin gaba ɗaya tun a karon farko, domin wani disket ɗin ba ya jure karatu na biyu. Daga nan ka sauke ScummVM, manhaja ce ta kyauta da ke tayar da irin waɗannan tsofaffin wasanni, har a wayar Android. Ba ta zuwa da wasan, kai za ka nuna mata inda ka ajiye fayilolin. DOSBox, wata manhajar tayar da tsofaffin wasanni, shi ma yana yi, sai dai ya fi son wanda hannunsa ya faɗa da rubuta umarni.

Tambayarka ta biyu ta fi ja na. Sunan mai kisan kawai ka riƙe, ɗan'uwa, hanyar da ta kai ka gare shi na tabbata ta ɓace maka. Ka tuna yadda aka gina wasan: shekarar 1927 ce, Sufeto Raoul Dusentier ya amsa gayyatar attajiri Niklos Karaboudjan, aka kashe mai gayyatar, kuma kowa a jirgin yana da abin da yake ɓoyewa. Agogon wasan ba ya motsi sai ka gano wani abu mai amfani. Da ya matsa, mutane sun sauya wuri, ɗakin da ka bincika ɗazu ka fito hannu rabbana wataƙila yanzu akwai takarda a ƙasa. Sanin ƙarshen labari ba zai matsar maka da agogon nan ko da minti ɗaya ba. Dole ka koma wajen Fada Fabiani, ka koma wajen Hector mai hidima, ka yi ta maimaita tambaya har wani ya yi suɓutar baki.

Ga kuma abin da nake ganin zai ba ka mamaki. Lokacin da kake yaro, Faransancinka na firamare ne, ina kyautata zaton danna kowace tambaya kake yi ba tare da ka karanta amsar ba (haka muka yi duka). Yanzu za ka karanta, kuma da yake ka san mai laifin, za ka ji inda yake murɗa magana. Wannan daɗin ba ya samuwa a bugun farko.

Ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Wani lokaci abin da kake nema ɗan ɗigo ne a allo, za ka wuce shi sau da yawa ba ka lura ba, agogo ya tsaya cik, ka rasa laifin wa. A nan ne hannu ke kaiwa ga waya don neman amsa a intanet. Ni dai shawarata, ka bari ya kwana tukuna. Sayi ƙaramin littafi na sefa ɗari, ka riƙa rubuta wa ya ce me, da ƙarfe nawa agogon wasan ya nuna. Kuma ka yawaita adana inda ka tsaya, musamman in a kwamfutar tebur kake bugawa, kada ɗaukewar wuta ta mayar da kai farkon bincike.