Tambaya da Amsa: Giwaye a Bakin Tekun Gabon

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne mazaunin Libreville, kuma na sha jin cewa akwai gandun daji a ƙasar nan inda giwaye ke fitowa bakin teku. Shin gaskiya ne, kuma mutum zai iya zuwa da tantinsa ya kwana a can?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya aka faɗa maka. Sunan wurin Loango, ɗaya daga cikin gandayen daji 13 da marigayi Shugaba Omar Bongo ya keɓe a 2002. Yana kudu da Port-Gentil, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 1,550, kuma a cikinsa kurmi da fili da tafkin Iguela suka haɗu da Tekun Atilantika. Ban da giwaye, ɓauna ma tana kiwo a gaɓar, har dorina takan faɗa cikin igiyar ruwa.

Sai dai abin da za ka gani ya dogara da watan da ka je. Ka san lokacin can ya saɓa da na gida Arewa, domin daga Yuni zuwa Satumba, sa'ad da manoman Kano ke tsakiyar damina, Loango tana cikin rani. A watannin nan giwaye sukan koma ciki, wajen fadamun Akaka, inda ake bin su a kwale-kwale, yayin da manyan kifayen nan na wel ke wucewa ta gaban gaɓar. Idan giwa a kan rairayi kake son gani da idonka, to ka bari sai ruwa ya sauka, tsakanin Nuwamba da Afrilu, wanda kuma a farkonsa ne kunkurun teku ke hawowa da dare su yi ƙwai.

Batun tanti kuwa, ka cire shi daga ranka. Ana kwana a dajin, amma a sansanonin da aka tanada, kuma ba a yawo da ƙafa sai da ɗan jagora. Giwar kurmi ba ta kai ta fili girma ba, abin da ke ruɗin baƙi ke nan, alhali a cikin duhuwa ba ka ganinta sai kun yi kiciɓis, kuma mai ɗa ba ta da haƙuri ko kaɗan. A ganina kuɗin ɗan jagora shi ne mafi halal a dukan tafiyar, wadda ba ta da arha.

Ka tafi da takalmi rufaffe, da gidan sauro, da riga mai dogon hannu wadda ba baƙa ko shuɗiya ba, saboda launukan nan biyu ne ke jawo ƙudan tsando.