Akurkin kaji shida: amsar tambayarka

Ka ce an ba ka aikin akurki na kaji shida a bayan gida, kana tambaya ko ka haɗa ɗan akwati ka zagaye shi da wayar kaji mai arha, tun da ƙaramin aiki ne. Ƙarami ne a ido, yaro, amma irinsa ne ke zubar wa kafinta mutunci. In ka yi kuskure a kujera za ta yi ƙara a gyara, in ka yi kuskure a akurki gawa ake kwashewa da safe.

Fara da awo. A cikin ɗakin kwana, ba kowace kaza wurin da ya kai ƙafa 2 tsawo da ƙafa 2 faɗi. Kaji shida ke nan ɗaki mai ƙafa 4 da ƙafa 6. Filin da za su wuni a ciki kuwa ya kai ƙafa 6 da ƙafa 10. In mai aikin ya ce ya yi girma, gaya masa kaji in sun matsu fizgar gashin juna suke yi har su fitar da jini, kuma ban taɓa ganin wanda ya fara da kaji shida ya tsaya a shida ba. Kafin ka kafa ko dirka ɗaya, duba inda ruwa ke kwanciya in an yi sama, ka guje shi. Nemi tudu da inuwa. Kaza ba ta gumi, baki take buɗewa tana haki, saboda haka zafi ya fi sanyi yi mata illa. Da ka ja igiya, auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, sannan ka auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu bai zo daidai ba, ginin ya karkace, kuma ƙofa ce za ta tona maka asiri.

Yanzu maganar waya, wadda ita ce ainihin tambayarka. Waccan siririyar waya mai ido kamar saƙar zuma an yi ta ne don ta hana kaza fita. Ba ta hana komai shiga. Kare na yaga ta da haƙori, ɓera na wucewa ta idonta, muzuru kuwa sai ya zura hannu ya jawo kan kazar da ta kwana kusa da ita. Nemi raga mai kauri wadda aka yi wa walda a kowace mahaɗa, mai ido rabin inci. Ta fi tsada, tana yanka hannu wajen aiki, sa safar hannu. Kada kuma ka tsaya ga ƙananan ƙusoshi masu lanƙwasa kaɗai: ɗaure ta da sukuru da washa, ko ka danne gefenta da siririn katako, ta yadda ko an ja ta da ƙarfi ba za ta zame ba.

Ni ma da kuskure na koya. Akurkin da na fara yi da hannuna na yi masa fenti, na goge katako har yana sheƙi, na tsaya ina kallonsa ina jin daɗi. Ragar na tsayar da ita daidai bakin ƙasa. Bayan 'yan kwanaki aka aiko a kira ni. Na tarar da rami a gindin dirka, bai fi a zura ƙafa ba, sabuwar ƙasa a tare a gefe, gashin kaza a manne a bakin waya, ƙofa kuma na nan a kulle da kwaɗonta. Maigidana bai ce mini uffan ba, ya miƙo mini shebur kawai. Tun ranar, ko dai in haƙa ƙafa 1 in binne ragar, ko in lanƙwasa ta in shimfiɗa inci 18 a kan ƙasa ta waje in rufe da ƙasa da duwatsu. Na fi son shimfiɗawar. Dabba mai tono a gindin shinge take farawa, in ta ci karo da waya ba ta da dabarar ja da baya ta sake gwadawa. Saman filin ma a rufe shi, don shaho da shirwa ba ta ƙofa suke zuwa ba.

Ɗakin kwanan ka ɗaga shi daga ƙasa kamar ƙafa 2. Danshi ba zai ci katakon ba, ɓera ba zai yi gida a ƙarƙashi ba, kajin kuma sun samu inuwa kyauta. Ƙafafun su zauna a kan bulo ko siminti saboda gara. In ka gama, shiga ciki da rana ka ja ƙofa. Duk inda haske ya ratso, gwada da babban yatsanka. In ya shige, toshe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, balle maciji da ya ji ƙamshin ƙwai.

Amma kada ka ji na ce toshe ka mayar da shi tukunya. Nan ne yawancin yara ke faɗuwa. Kaji na yin kashi da yawa da dare, warinsa mai yaji ne, yana cin ido da huhu. Bar tagogi masu raga a can sama, ƙarƙashin rufi, a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, don iska ta ratsa ta saman kawunansu ba ta jikinsu ba. In aka buɗe da safe wari ya sa ido hawaye, tagar ta yi kaɗan. Kwanon rufi ya gangara baya, ya zarce bango da kamar ƙafa 1 don kada feshin ruwa ya shiga ta tagar.

Sandar kwana: katakon tu-bai-fo, wato mai inci 2 da inci 4, faɗin a sama, ka goge kaifin gefensa. Inci 10 ga kowace kaza, ƙafa 5 ke nan. Dole ta fi gurbin ƙwai tsawo, don kaza wuri mafi bisa take nema ta kwana; in gurbi ya fi tsawo, a ciki za ta kwana ta ɓata shi, a riƙa ɗebo ƙwai da kashi. Kada ka buga sandar da ƙusa, yi mata mazauni a riƙa ɗaga ta, domin ƙuma a mahaɗar katako take ɓuya da rana, da dare ta fito ta sha jini. Gurbi biyu sun isa, kowanne inci 12 ta ko'ina, a gefen da ya fi duhu, da murfi ta waje. Kada ka yi mamaki in duk shidan suka yi layi a kan guda ɗaya, halinsu ne.

Abu na ƙarshe da nake dubawa a aikin yaro shi ne ƙofar shara. Tuna da wanda zai riƙa kwashe dusar katako duk mako. In sai ya durƙusa ya rarrafa, ba zai yi ba. Bangon gefe guda ya buɗe gaba ɗaya, ba dokin ƙofa a ƙasa, ta yadda tsintsiya za ta turo komai kai tsaye cikin baro. Ƙofar filin kuma ta kai tsawon mutum. Sakata biyu, sama da ƙasa, don ƙofa mai sakata ɗaya tana ba da kafa in an ja gindinta.

Je ka auno wurin, ka zana mini shi a takarda da inda rana ke faɗuwa. Gobe ka zo da zanen mu lissafa katako tare, kada ka yanka komai tukuna.