Gidan Gizo da Ƙoƙi a barandar Agege

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, muna haya a Agege. Yarana sun ga hotunan wasu 'yan mitsi-mitsin gidaje da Turawa ke haɗawa da itace da ganye, sun dame ni sai mun yi irinsu a wannan hutu. An ce mini gidajen aljanu ne, ga shi kuma ba mu da tsakar gida sai 'yar baranda. Ina neman shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Waɗanda ake yi wa gidajen nan wasu 'yan halittu ne masu fukafukai na cikin tatsuniyoyin Turai, kuma a tsibirin Monhegan da ke jihar Maine ta Amurka yara sun daɗe suna gina su a gindin bishiyoyi da abin da suka tsinta a ƙasa. Wasa ne kawai, amma tunda sunan bai kwanta miki ba, ai mu ma muna da namu: ku gina wa Gizo da Ƙoƙi gida.

Baranda ta wadatar, domin tsohon faranti mai faɗin santimita 40 zai ɗauki gidan duka. Ki zuba masa yashi, ki kifa ƙaramin ƙoƙo ko ɓawon kwakwa ya zama ɗaki, a ɗaure tsinkayen tsintsiya a yi jinka da danga. Yanka ƙofa a jikin ƙoƙon aikin manya ne, ke ko maigida.

Inda nake so ku daɗe shi ne wajen ginin laka, saboda yaron da aka haifa a Legas zai iya girma bai taɓa ganin tubali ba. Ki nuna musu yadda ake mulmula shi kamar ƙwai mai tsini, a shanya ya bushe, a jera shi a yi zaure, a ɗora zanko a kusurwoyin soro, sannan a zana dagi a saman ƙofa da tsinke tun lakar tana ɗanya. Kada a manta da rumbu, ko da yake kowa ya san Gizo ba zai bar hatsi ya kwana a ciki ba. Idan kuma yaran suka ce sai gidan da ke tsaye kan sanduna irin na Makoko, wanda suke hangowa daga gadar Third Mainland, ki bar su, garinsu ne.

Babbar matsalarku danshi ce. Laka ba ta bushewa da wuri a watan Yuni da Yuli, kwali kuma yana yin fumfuna, don haka hutun Disamba, lokacin hunturu, ya fi dacewa da ginin. Ki yi amfani da farin gam na kafintoci maimakon sitaci, wanda ke jawo kyankyasai, kuma kada a bar ɓawon kwakwa a buɗe ya tara ruwa, domin nan sauro ke ƙyanƙyasa. Idan akwai yaro ɗan ƙasa da shekara 3, a nisanta shi da duwatsun ado da 'yan tsakuwa.